Surukata Kirista ce, ta dawo gidanmu da zama

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata 31, 'ya'yana uku. Mijina ya musulunta tun yana saurayi, kafin mu haɗu, amma mahaifiyarsa tana nan a addininta, 'yar cocin ECWA ce a wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Da can sai dai mu je mu gaishe ta mu dawo. Wata huɗu ke nan da ciwon ɓarin jiki ya taɓa ta, sai ya ɗauko ta ta dawo wurinmu. Wallahi ba ta da fitina, Bahaushiya ce kamar ni, mai kunya da kawaici. Amma na rasa sukuni. Kullum da sassafe ina jin ta tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana karanta littafinta, ta rufe addu'a da sunan Yesu, har ƙaramar 'yata ta fara bin waƙar. Babban kuma, mai shekara tara, ya dawo daga makaranta ya tambaye ta a gabana wai da gaske ne wuta za ta shiga. Ta yi shiru, da dare na ji tana kuka. Mahaifiyata ta ce in ware mata kwano da kofi. Ita kuma surukar tawa, Mama, ta roƙa a kai ta coci ran Lahadi, maigidan ya ce to, bai sake tayar da maganar ba. Ni ban san komai a kan addininsu ba in ban da abin da ake faɗa a gari, wai alloli uku suke bauta wa. Ina so in san ainihin abin da ta yi imani da shi, da yadda zan riƙe ta ba tare da na cuci imanina da na 'ya'yana ba.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kukan nan da kika ji da dare shi ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki, kuma na lura ke ma shi ya hana ki barci, domin wadda ba ta damu ba ba za ta kasa kunne ba. Kina jinyar tsohuwar da ba ta iya tashi da kanta, kina renon yara uku, kina tsoron Allah a kan tarbiyyarsu. Babu abin kunya a cikin damuwarki. Tambayarki ta farko zan fara ɗauka, don rabin tsoron da ke cikin gidanki na rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Zan gaya miki addinin Mama yadda masu shi suke faɗarsa, domin haka adalci ya ce, sannan in nuna miki inda muka rabu da su.

Addinin ya samo asali ne a ƙasar Falasɗinu, shekara dubu biyu da suka wuce, lokacin da Romawa ke mulkin yankin. Wanda muke kira Annabi Isa, alaihis salam, shi suke kira Yesu Almasihu. A wurinsu an haife shi a Baitalami a zamanin sarki Hirudus, ya tashi a Nazarat cikin lardin Galili, a tsakanin Yahudawa. Yana da shekara kamar 30 Annabi Yahaya ya yi masa baftisma, wato wankan ibada, a Kogin Urdun, daga nan ya shiga wa'azi tare da almajirai 12, yana kiran mutane su tuba, yana warkar da makafi da kutare, yana zama da talakawa da waɗanda jama'a ta ƙyamata. Wa'azin bai wuce kimanin shekara uku ba. Manyan malaman Yahudawa na Urushalima, wato Ƙudus, suka kai ƙararsa wurin gwamnan Romawa, Bilatus, wanda ya riƙe yankin daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Kiristoci sun yi imani an gicciye shi ran Jumma'a, an binne shi, ya tashi daga matattu ran Lahadi. Daga nan kika samo dalilin da ya sa Lahadi ta yi wa Mama nauyi haka. A wurinta ba ranar hutu ba ce kawai, ita ce ranar tashinsa.

Mabiyan farko Yahudawa ne 'yan kaɗan. A birnin Antakiya aka fara kiransu Kirista. Wani mutumin Tarsus mai suna Bulus, wanda da farko farautarsu yake yi, shi ya fi kowa yawo da saƙon zuwa garuruwan Girkawa har Roma. Sun sha kisa da ɗauri na kusan shekara ɗari uku kafin sarki Konstantin ya ba su 'yancin ibada a 313. A 325 shugabanninsu suka taru a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, suka rubuta jawabin bangaskiya wanda har gobe ake karantawa a coci-coci. Daga baya suka rarrabu: Gabas da Yamma a 1054, sai Martin Luther na Jamus ya yi wa cocin Katolika bore a 1517, wanda daga nan reshen Furotesta ya fito. Yau sun haura mutum biliyan 2 a duniya. Kar kuma ki ɗauka addinin Turawa ne. Ya kafu a Masar da Habasha tun kafin ya kai yawancin Turai, kuma sarkin Habasha, Najjashi, da ya ba sahabbai mafaka lokacin da Ƙuraishawa suka matsa musu, Kirista ne a lokacin da ya karɓe su.

Ita Mama tarihinta ya fi wannan kusa da gida. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun iso ƙasar nan a 1893, cocin da ya fito daga aikinsu shi ne ECWA, ya tsaya da ƙafarsa a 1954. A Zariya kuma Dakta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ya zauna tun farkon ƙarni na 20, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina coci na ƙasa irin ginin Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Saboda haka akwai gidajen Hausawa da aka haifi kaka da jika a cikin wannan addini, da Hausa suke addu'a, Allah suke cewa kamar yadda kike cewa, suna gaisuwa a durƙushe, suna kunyar ɗan fari. Kila Mama ba ta taɓa sanin wani addini ba tun tana goye.

Littafin da kike gani a hannunta ba littafi ɗaya ba ne, tarin littattafai ne a bango ɗaya. Nata, na Furotesta, 66 ne. Na Katolika 73. Kashi na farko shi ne Tsohon Alkawari, 39, asalinsa da Ibrananci, wanda suka gada daga Yahudawa. A nan Attaura take, littattafai biyar na Musa, da labarin Adamu da Nuhu da Ibrahim da Yusufu, da tarihin Bani Isra'ila, da annabawa irin su Ishaya da Irmiya, da Zabura mai waƙa 150, da yawa daga ciki na Dawuda. Kashi na biyu Sabon Alkawari ne, 27, da harshen Girka aka rubuta shi a ƙarni na farko. Ya fara da Bishara huɗu, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya (almajirinsa, ba mai baftisma ba), kowacce tana ba da labarin rayuwar Yesu da maganganunsa. Sai Ayyukan Manzanni, sai wasiƙu, 13 daga ciki da sunan Bulus, sai littafin Wahayi a ƙarshe. Akwai abin da ya kamata ki riƙe a nan, don shi ke haddasa musu marar amfani. Mu idan muka ce Linjila muna nufin littafin da aka saukar wa Annabi Isa. Su ba su ce an saukar masa da littafi ba. Cewa suke shi kansa ne saƙon, Bisharun kuma shaida ce da mutane suka rubuta a kansa da jagorar Ruhun Allah. Shi ya sa in kin ce mata littafin yana da marubuta da yawa ba za ta ji kin kama ta ba, ita ma ta sani.

Yanzu ga maganar alloli uku. Idan kika tambayi Mama, za ta ce miki Allah ɗaya ne, kuma da zuciya ɗaya za ta faɗa. Abin da suka yi imani da shi shi ne Allah ɗaya da ya bayyana a Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, abin da suke kira Triniti. Da suka ce Yesu Ɗan Allah ne, ba haihuwa ta miji da mata suke nufi ba, su ma wannan saɓo ne a wurinsu. Suna nufin shi Kalmar Allah ne tun fil azal, ya ɗauki jikin mutum ta wurin budurwa Maryamu. Sun kuma yi imani zunubi ya shiga cikin 'yan Adam tun daga Adamu, mutum ba ya iya wanke kansa da aikinsa, sai Yesu ya ɗauki hukuncin a kan gicciye, duk wanda ya ba da gaskiya gare shi ya sami ceto ta alherin Allah. Suna jiran dawowarsa da tashin matattu da ranar shari'a. A wurin Furotesta irin Mama, ibadunsu manya biyu ne, baftisma da Jibin Ubangiji, inda ake gutsura gurasa a sha daga ƙoƙo don tunawa da mutuwarsa. Babbar doka kuma a bakin Yesu ita ce ka ƙaunaci Allah da dukan zuciyarka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka.

Ba zan yi miki lulluɓi ba. Mun haɗu da su a kan haihuwarsa ba uba, da mu'ujizojinsa, da darajar mahaifiyarsa wadda Alƙur'ani ya ba sura guda da sunanta, da dawowarsa, da hisabi. Amma mun rabu a wuri uku masu girma. Mu Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba mu yarda da Triniti ba, Ƙulhuwallahu kaɗai ta ishe mu hujja. Mu Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Mu kuma babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma duk wanda ya ce miki ai duk ɗaya ne bai girmama ki ba, bai girmama ta ba. Malamai na ɓangarori biyu sun shafe fiye da shekara dubu suna kai-kawo a kansu. Ba a tsakar gidanki za a warware su ba, tsakanin mai jinya da majinyaciya.

Abin da ya rage miki shi ne zama, kuma a nan addininki bai bar ki cikin duhu ba. Suratu Luƙman ta yi maganar iyayen da har suke matsa wa ɗansu ya yi shirka: kada ya bi su a wannan, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana a kyautata wa wanda bai yaƙe ku ba, a yi masa adalci. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kan mahaifiyarta da ta zo wurinta alhali ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunci da ita. To ina ga tsohuwa ma'abociyar Littafi, mara lafiya, wadda ba ta nemi kowa ya bar addininsa ba? Riƙon da mijinki ya yi mata wajibi ne a kansa, taimakonki kuma lada ne.

Ki ɗan tsaya a wurinta ki duba. Ta haifi ɗa, ta goya shi zuwa coci, ya girma ya zaɓi wata hanya. Yadda za ki ji in naki ya yi haka, ita ta riga ta ji, ta haɗiye, ba ta tsine masa ba. Yau ga ta a gidansa, ba ƙafa, ba ƙawayenta na zumuntar mata, ba wanda zai amsa mata amin. Waƙar nan ta asuba ita ce abin da ya rage mata na gida. Sai jikan da take ƙauna ya zo ya jefe ta da waccan tambaya.

Daga yaron za a fara, kuma kada a wuce mako. Ba duka ba, ba tsawa ba, abin da ya ji a waje ya maimaita. Ku zaunar da shi ke da babansa, ku ce masa: mu Musulmi ne, ga abin da muka yi imani da shi, Kaka tana da nata addinin, amma wane zai shiga wuta, wane zai shiga aljanna, wannan hukuncin Allah ne, ba wanda ya san ƙarshensa balle na wani, kuma ɗa nagari ba ya sa kakarsa kuka. Sannan babansa ya riƙe hannunsa su je ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ki ba shi wani ɗan aiki nata na kullum, ko kai mata ruwan wanka, ko miƙa mata magani. Yaron da ya saba yi wa tsohuwa hidima bakinsa ba ya saurin zafi a kanta.

Maganar kwano, ina roƙonki kada ki yi. Na san Hajiya mahaifiyarki tsoron jikokinta ne ya sa ta faɗa, kuma ba sai kin yi mata gardama ba. Ki kai mata ayar Suratul Ma'ida da ta halatta mana abincin ma'abota Littafi, ko ki roƙi malamin da take jin maganarsa ya yi mata bayani. Abincin ma daga tukunyarki yake fitowa, naman daga mahaucinku. A ƙasar Hausa kin san wanda ake ware wa kwano, kin san abin da hakan ke faɗa ba da baki ba. Yara kuma da ido suke karatu. Ranar da suka ga an ware kofin Kaka, duk nasihar da kika yi wa babban ta rushe.

Ta ƙaramar kuwa, damuwarki tana kan hanya, kuma hakkinki ne. Tarbiyyar addinin yara taku ce ke da mijinki. Amma ba ke za ki tunkari Mama ba, suruka ba ta faɗa wa uwar miji irin wannan a ji daɗi. Ɗanta ne zai shiga ɗakinta shi kaɗai, ya ce Mama, ki yi addu'arki da waƙarki yadda kika saba, ba mai hana ki, ki ba yara tatsuniya da labarin ƙauye da waƙoƙin daɓe, amma abin da ya shafi addini ki bar mana. Yadda kika siffanta ta, ina kyautata zaton ba da niyya ta koya wa yarinyar ba, yaro ne da kunne. Ke kuma ki cika wannan lokaci na safe da naki: yarinyar ta tashi a gefenki, ku yi azkar, ki biya mata gajerun surori da murya mai daɗi. Idan ta tambaye ki wane ne Yesu, ki ce shi ne Annabi Isa, muna sonsa, ki ba ta labarinsa daga Suratu Maryam. Yaron da ya sami amsa a wurin uwarsa ba ya ruɗewa don ya ji waƙa a ɗakin kakarsa.

Sai maigida da "to" ɗinsa. Kada ki yi masa kallon mai sakaci. Mutumin da ya musulunta yakan ji ido a kansa, yana tsoron a ce ya koma, yana kuma jin kunyar uwarsa, sai ya zaɓi shiru. Amma shirun nan Mama ke biyan kuɗinsa kowace Lahadi. Ki same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa ba ki da ƙyashin tafiyarta, don kila amincewarki yake jira. Malamai sun yi saɓani a kan ɗa Musulmi ya kai mahaifiyarsa coci da kansa. Idan zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ko bai kai ta ba akwai hanya. Kaduna cike take da cocin ECWA, da yawa ana ibada da Hausa. A sanar da faston ƙauyensu ya haɗa ta da reshe mafi kusa da ku, matan zumunta sukan zo su ɗauki irinta su dawo da ita. Ko a yi jinga da mai Keke Napep amintacce, ko wani ɗan'uwan maigidan da ke addinin ya riƙa zuwa. Idan jikin bai yarda da fita ba, su kan ziyarci majinyaci a gida. Ku sa musu rana da lokaci, su shiga ɗakinta, ki kai musu ruwa ki gaishe su kamar kowane baƙo, ki koma harkarki da yaranki. In kuma unguwarku irin wadda hakan zai jawo surutu ko fitina ce, to a kai ta gidan ɗan'uwa ta yi Lahadinta a can, da Kirsimeti da Ista ma ta yi kwana biyu cikin danginta.

Akwai wata magana mai nauyi da gara a yi ta tun tana iya faɗin ra'ayinta. Rai na Allah ne, muna roƙa mata tsawon kwana. Amma maigidan ya zauna da ita da 'yan'uwansa a san abin da take so idan ta Allah ta kasance: inda za a kai ta, da waɗanda za su yi mata sutura bisa addininta. Gidaje masu addini biyu sukan yi rigima mai zafi a ranar makoki saboda an ji nauyin wannan zama tun da wuri.

Na san a ranki kina mata fatan Musulunci, kuma wannan fata ƙauna ce. Ki yi mata addu'a a sujadarki. Idan ta tambaye ki wani abu a kan sallarki, ki amsa da sakin fuska. Amma kada ki haɗa magani da wa'azi, kada ta taɓa jin cewa tuwon da take ci yana da sharaɗi, babu tilas a addini. Ki sani ita ma kila sunanki yana cikin addu'arta ta asuba. Ke ma kuma ki nemi hutu. A raba jinyar da dangin miji, ko a samo mai taya ki wanki da ɗaga ta, domin gajiya kan mai da ƙaramin abu babba, kuma wata huɗu kina ɗauke da wannan kusan ke kaɗai.

Yau da dare ki kai mata tuwo da kanki, ki zauna a bakin gadon ku ci tare, ki ce mata Mama, maganar da yaron nan ya yi ba daga bakinmu ya ji ba, ki yafe mana. Idan hira ta yi daɗi, ki tambaye ta wace Zabura ta fi so. Da yawa daga cikin tsofaffinsu sun haddace ta 23, wadda ke kiran Ubangiji makiyayi, ita ake karanta wa marasa lafiya. Sauraro ba ya rage miki komai. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda aka kwana da maganar Lahadi. Ki gaishe mini da Mama, Allah ya ba ta lafiya, ya shirya miki zuri'a.